Na San Gumakan Turawa, Ban San Waƙar Kakana Ba

Anti Zulfa, don Allah ki taimake ni, abin nan ya tsaya min a rai. Ni direba ne a Doha, a unguwar Mansura nake zaune. Zaman jiran 'ya'yan kafil, wato maigidana, a ƙofar makaranta ne ya ja ni kallon bidiyoyi kan tsohon addinin mutanen arewacin Turai, masu jiragen ruwan nan. Daga nan na koma karanta fassarar labaransu. Wallahi sun burge ni! Wai babban abin bautarsu ido ɗaya ya bayar don ya sami ilimi. Amma abin da ya fi kama ni, jikokinsu ne suka rubuta labaran bayan sun zama Kirista, ba su ji kunyar kakanninsu ba. Musbahu, abokin ɗakina, har tsokanata yake wai na kusa sayen gatari irin na mayaƙansu. Ni kuwa sallata tana nan daram.

Ga damuwar. Asalinmu Maguzawa ne. Ƙanen kakana, Baba Dogara, shi kaɗai ya rage da ya san waƙoƙin roƙon ruwa da sunayen kakanninmu, kuma tsufa ya kwantar da shi. Ina so in ɗauki muryarsa in na je hutu. Mahaifina kuwa ya sha gori kafin a yarda ya ja salla a garinmu, ko sunan tsohon ba ya so a ambata. Ina tsoron ɓata masa rai, ina kuma tsoron tsohon ya tafi da komai.

Direban Mansura

Ɗana, ka burge ni. Wasu barci suke a mota, kai karatu kake. Sanin abin da mutane suka bauta wa daban, bauta masa daban. Sai dai ka riƙa tantance masu bidiyon nan, wasunsu wa'azi suke a fakaice.

Kada ka ga laifin mahaifinka, ciwon gori ba ya saurin warkewa. Kar ka yi komai a bayan idonsa. Ka ce masa sunayen kakanni kake nema saboda zumunci, ka yi alkawarin ba za ka watsa a intanet ba. In ya amince da sunayen kawai, ka karɓa da godiya, waƙa ta biyo baya.

Amma hutun nan da kake jira, wa ya ce maka tsohon zai jira shi? Ka nemi izinin mahaifinka a makon nan, a kai wa Baba Dogara waya. Ka fara da tambayar jikinsa, domin kakanka ne kafin ya zama tarihi. Allah ya sa ka same shi da bakinsa.