Baƙin Dutsen da Ya Huda Mini Kwano

Litinin, 5 ga Mayu
Da hantsi ina tsakiyar ɗinkin rigunan makaranta sai na ji kwaram a saman kaina. Kwanon shago ya huje, ga wani baƙin dutse kamar ƙwan agwagwa a gindin teburin guga. Da a can nake tsaye da yanzu ana zaman makokina. Ba sai an faɗa mini ba, mai walda ne, wanda shagonsa ke manne da nawa. Tun da na wanke shi tas kan tartsatsin da ya ƙona mini yadin mutane yake gaishe ni ciki-ciki.

Talata, 6 ga Mayu
Na kara wa dutsen maganaɗisun da nake tsince allurai da shi, ya manne. Ƙarfe ne ke nan. Wa ke da ƙarfe a layin nan? Na kai wa mai gidan haya ya gani da idonsa. Ya ce ƙarshen wata mai walda zai kwashe komatsansa. Saurin yardarsa ya ɗan ba ni mamaki, mutumin da sai ka yi ta sintiri kafin ya gyara famfo.

Alhamis, 8 ga Mayu
Auta ya zo, ƙanena mai koyar da kimiyya a sakandare. Ya yi ta juya dutsen, wai daga sararin samaniya ya faɗo. Ya zauna kan buhun ƙyallaye ya buɗe mini aji. Wai ƙananan duwatsu ne ke yawo can sama, a lokacin sunansu mitiyoroid. In ɗaya ya shigo iskarmu ya kama da wuta, abin da muke cewa tauraro ya faɗi, ya zama mitiyo. In guntunsa ya iso ƙasa, mitiyorait. Na ce abin da ke sauya suna duk inda ya sauka ai ɓarawo ne. Ya yi dariya, ya ce in ce dutsen sama kawai, ya wadatar.
Ban manta ba, mai waldan nan ne ya yi wa Auta ƙofar gidansa. Ko sun haɗa baki?

Asabar, 10 ga Mayu
Mai walda bai kunna inji ba yau. Rashin gaskiya ne ke cinsa.

Talata, 13 ga Mayu
Auta ya tafi da dutsen jami'a, wurin masu nazarin duwatsu. Na ja masa kunne ya dawo mini da abina, kar a musanya shi da wani a ce mini shi ne. Matar mai walda ta zo karɓar ɗinkinta da ƙaramar 'yarsu a goye. Ba ta zauna ba, ita da kan yini nan muna hira. Raina ya ɗan sosu. Ɗan kaɗan.

Litinin, 19 ga Mayu
Masu nazarin sun ce dutsen na sama ne. Wai wannan manne wa maganaɗisun da na kafa hujja da shi, yawancinsu haka suke, akwai ƙarfe a jikinsu. Baƙar fatar kuma ƙonewa ce a hanya. Kashin walda kuwa, dattin ƙarfen da ke zuba in ana aiki, ramuka ne da shi kuma ba nauyi, in ji su. Na leƙa bayan shagonsa na ɗauko guda na gwada a hannu. Ba nauyi.
To amma su ma ai mutane ne, suna kuskure.

Laraba, 21 ga Mayu
Na koma wurin mai gida. Na yi masa bayanin sunaye ukun nan, harshena na sarƙewa. Ko ɗagowa bai yi ba. "Hajiya, ke kika kawo ƙara. Ni na riga na yi wa ɗan ƙanwata alkawarin shagon, wayoyi zai sa." Ashe dama hanya yake nema, ni kuwa na share masa ita. Na kasa cin abinci.

Asabar, 24 ga Mayu
Ina buɗe shago na ji motsi a sama. Mai walda ne da guntun kwano da ƙusoshi, wai kar ruwa ya jiƙa mini keke bayan ya tashi. Na riƙe masa tsani, don kar ya faɗo a ce ni ce. Da ya sauko na ce masa, ido a ƙasa, an ce dutsen sama ne.
"Ni ban san sunansa ba, Hajiya," ya ce. "Na dai san ba nawa ba ne."
Na yi magana da mai aski da mai kemis da mai wanki, gobe bayan la'asar duk za mu je wurin mai gida. Na faɗa musu in ya tashe shi ni ma zan kwashe kekunana. Ba don komai ba, ban yarda da masu wayoyin nan ba ne.