Keken Marigayi Zai Kai Dogo Gidan Yari

Don Allah 'yata ki taimake ni, kaina ya kulle. Ki yi haƙuri da rubutun, a aji uku na tsaya.

Maigidana tela ne, bara ya rasu. Shekara arba'in yana ɗinki a ɗakin da ke bakin ƙofarmu. Da ƙarar keken ɗinkinsa nake sanin lafiyarsa. In na ji shiru, to ko allura ta karye ko mun yi faɗa. Akwai wanda ya koyi aiki a hannunsa, Dogo muke ce masa, yanzu shi ma ya yi furfura. Shekara goma sha biyu yana cin abincina, ga ci kamar gara. Su biyu sai su wuni suna musun wa ya ɓatar da almakashi, alhali yana aljihun maigidan.

Ran da na je asibiti, Dogo ya ɓalle kwaɗon ɗakin da rana tsaka ya ɗauke keken. Babban ɗana ya kai ƙara wurin 'yan sanda, magana har ta kai kotu. Yanzu wai ba sata kaɗai ba ce, har da fasa ɗaki, kuma ɗaurin na shekaru ne.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba. Da kunnena na sha jin marigayi yana cewa bayan ransa keken na Dogo ne. Bai rubuta ba, mutumin da ko awon riga a ka yake riƙewa. Sau biyu Dogo ya zo tambaya, na ce ban san zancen ba. Ni ba ɗinki na iya ba. So nake kawai in leƙa in ga keken a inda marigayi ya bar shi.

In na yi magana na kunyata ɗana, kuma na zama maƙaryaciya. In na yi shiru a ɗaure Dogo. Ni ba mai kuka ba ce, amma abinci ya ƙi shiga.

Matar Tela

Mama, Allah ya jiƙan Baba.

Dogo ya yi kuskure. Ko da kayansa ne a ciki, ɓalle kwaɗon mutane laifi ne, shi ne ma ya ƙara wa tuhumar nauyi. Ɗanki kuma bai zalunce shi ba, da abin da ya sani ya yi aiki. Amma kotu takan bambanta wanda ya ɗauki abu da niyyar sata da wanda ya yi imani nasa ne, kuma ke kaɗai ce shaidar hakan.

Ki fara da ɗanki, yau ɗin nan, daga ke sai shi. Sannan ku je wurin lauyan Dogo ki faɗi abin da kika ji, har da musun da kika yi. Kada ki ɗauka yafewarki kaɗai ta isa. Tunda magana ta kai kotu, ta wuce hannunku. Batun wanda zai riƙe keken kuwa, a bar wa masana rabon gado.

Ɗanki zai yi fushi, Mama, kuma zai huce. Shekarun da Dogo zai yi a ɗaure ne ba mai mayar masa da su. Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sa a sassauta masa.