Kabarin da Kuke Kira na Mayya

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Tarihin Ƙauye da dattawan cocinku a Ingila,

Ranka ya daɗe, gaisuwa da fatan alheri. Ba ka san ni ba, amma ni na san ƙauyenku fiye da wasu da aka haifa a cikinsa. Sunana Sabi'u, mutumin Kano, ina aiki a wani kamfani a Al Quoz, Dubai, wanda kuka ba kwangilar kwafe tsofaffin littattafan cocinku. Tun watan Maris na 2012 ake turo mini hotunan shafukan ina buga su a kwamfuta: haihuwa, aure, mutuwa. Na san wanda ya auri wa, na san shekarar da zazzaɓi ya kwashe muku yara. Kukana a kan shafi ɗaya ne.

Na ɗaya. A littafin jana'iza, wani fadan cocinku na fiye da shekara ɗari biyu da suka wuce ya rubuta cewa baƙi biyu baƙar fata sun sauka ƙauyenku, ɗaya ya rasu. Abokinsa ya ƙi akwati, ya naɗe shi da farin ƙyalle, ya haƙa kabari a karkace bayan katangar arewa. Ya tona ƙaramin rami a cikin babban, ya kwantar da shi a gefen dama, ya jera itace a kai kafin ya mayar da ƙasa. Ku kuma a ƙasidarku ta masu yawon buɗe ido kun ce haka ake danne mayya don kada ta tashi.

Ranka ya daɗe, mahaifina ya yi shekara talatin yana haƙa kabari a unguwarmu, ni nake miƙa masa itacen. Wannan jana'izar Musulmi ce tsaf, karkatar kuma alƙibla aka bi. Da na karanta sai da hawaye suka zubo mini.

Na biyu. Na rubuta wannan bayani a gefen aikina. Maimakon ku tambaye ni, sai kuka kai ƙarata wurin kamfaninmu cewa mai buga rubutu yana cusa ra'ayinsa. Aka goge bayanin, aka ba ni takardar gargaɗi. Na haƙura, don in kana ƙasar masu jela, kai ma sai ka nemo taka. Amma a cikin takardun zaman kwamitinku da aka ba ni in buga, na ga kun yanke shawarar tone kabarin a bazarar 2013 don faɗaɗa hanya, ku zuba ƙasusuwan a akwati ku miƙar da shi daidai da sauran. A nan haƙurina ya ƙare.

Na uku, kuma ban so faɗarsa ba. Tun ranar da aka goge bayanin, shafin nan yake dawowa cikin aikina kowace safiya. Mai kula da kwamfutocinmu ya cire shi sau uku, har ya gaji ya ce in rabu da shi. Ɗakin aikinmu ba taga, sanyin na'ura kawai, a garin da ake shekara ba a ga ruwan kirki ba, amma da azahar ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yake cika wurin. Na san ƙamshin nan, shi ne na rigar babana. Malam Isaka, mai gadinmu ɗan Zongon Kumasi, ya tambaye ni wane ne dattijon da ke zama a bakin ƙofa lokacin salla, gwiwoyinsa duk laka. Ban taɓa gaya masa zancen shafin ba.

Da farko na ɗauka mamacin ne. Sai na koma na bi littattafanku shafi-shafi, har na shekara sittin bayan ranar, ina neman abokin nasa. Ba a rubuta tafiyarsa ba, ba a rubuta jana'izarsa ba. Wanda aka kwantar an yi masa sutura, ba abin da zai taso nema. Mai laka a gwiwa shi ne wanda ya haƙa, kuma ina jin tsoron shi bai samu wanda zai haƙa masa ba.

Roƙona uku ne. Ku bar kabarin yadda mai shi ya bar shi, hanya ta kauce. Ku cire kalmar mayya daga ƙasidarku. Ku nemi limami a birni mafi kusa da ku ya je ya tsaya a wurin ya yi addu'a, ta mutum biyu.

Takardar gargaɗin ku bar ta, na yafe. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ku gama da duniya lafiya, ya ba kowannenmu wanda zai tsaya a kansa ranar da ba zai iya cewa komai ba. Ku hanzarta da amsa, don jiya Malam Isaka ya ce dattijon ya daina zama a bakin ƙofa, yanzu a bayan kujerata yake tsayawa.

Wassalam.

Sabi'u ɗan mai haƙa
International City, Dubai
Disamba, 2012