Moɗar Tamar

Kano, 3 ga Afrilu, 2003

Ikram, kada ki kuskura ki sake kwana a ɗakin nan bayan wannan fas, takardar da na'ura ke aikawa ta waya, ya iso gare ki. Gaisuwa ta biyo baya. Kowa lafiya, sai fargabarki.

Gwaggonki Jumai ta dawo daga sarin kaya. Ta ce da ta sauka wurinki a unguwar Sanyuanli can China, Bayahudiyar nan da kuke ɗaki ɗaya, Tamar, tana buɗe ido da safe sai ta hau kiran moɗa. Wa ke farkawa da neman moɗar ruwa in ba mai zazzaɓi ba? Ga rediyo kullum yana faɗin cutar numfashin da ke kashe mutane a garinku. Karatun likita na tura ki, ba jinyar baƙi ba. Ki kwashe kayanki yau. Allah ya tsare ki.

Mahaifiyarki, Sabuwa

Guangzhou, 5 ga Afrilu

Assalamu alaikum Umma, ina gaishe ki da ladabi.

Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Umma, a ina Tamar ta ji Hausa? "Moda ani" take cewa, da harshensu, wato "ina godiya". Kafin ƙafarta ta taɓa ƙasa sai ta gode wa Allah da ya maido mata da ranta. Haka take wuni: za ta ci burodi, godiya, ta fito daga banɗaki, godiya da jikinta ke aiki. Shekaranjiya a kan mangwaron farko na bana ta tsaya yin godiya. Ta ce a addininsu ana so godiyar ta kai ɗari a rana. Lafiyarta ƙalau.

Ni ce jikina ya ɗan yi zafi tun jiya. Gobe za a duba ni. A gaida Gwaggo mai kunnen moɗa.

'Yarki, Ikram

Kano, 14 ga Afrilu

Ikram, ina fata kina lafiya. Kwana tara, fas uku, shiru. Shitu mai na'urar fas a Kantin Kwari har ya fara sunkuyar da kai in ya hango ni. Ba na iya cin abinci. Na daina faɗan. Ki rubuto ko da kalma ɗaya ce, don Allah.

Ummanki

Guangzhou, 23 ga Afrilu

Umma, barka da war haka. Ina raye. Cutar ce. An keɓe ni a asibiti kwana goma sha bakwai, ba takarda ba waya. Matar gadon da ke kusa da ni, wata safiya na ga an naɗe katifarta.

Kullum na farka na ji numfashi ya shiga, sai addu'ar tashi daga barci ta faɗo mini, wadda kika koya mana, na yar da ita tun sakandare. Da kuka nake karanta ta. Tamar kuwa kowace safiya tana bakin ƙofar asibiti da kwanon abinci, ba a barin ta shigo. Ta san abin da ba na ci, don ita ma ba ta cin alade.

Ki yafe mini dariyar.

Ikram

Kano, 24 ga Afrilu

Ikram, alhamdu lillahi. A gaban Shitu na yi sujada, ban damu da masu kallo ba.

Na bincika kaina. Shekara nawa ina tashi da "wa ya bar randa a buɗe" a bakina, sai wata baƙuwa a China ce za ta tuna mini abin da na sani. Ki riƙe addininki, ki zauna a ɗakinki, ki ce wa Tamar Sabuwa ta ce moɗa.

Na ɗaure moɗar gidan nan a jikin randa, na tara ƙannenki na gaya musu: daga yau, ba wanda zai taɓa ta da safe, ko ya buɗe baki da ƙorafi, sai na ji godiyarsa da kunnena. Har ni. Ke ma in kin dawo, dokar ta hau kanki.

Allah ya ƙara sauƙi.

Mahaifiyarki, Sabuwa