Gorar Yaya

Litinin, 6 ga Oktoba

Ƙungiyar 'yan kasuwar unguwa ta zauna yau. An tsayar da magana, ranar Asabar ta sama za mu karrama tsofaffin sojojin unguwar nan a filin makarantar firamare. Mutum goma sha huɗu aka lissafo, har da Yaya. Tsohon hedimasta ne shugaban kwamiti, amma kowa ya san wanda zai kawo rumfa da kujeru da lasifika. Ni aka ba jawabi. Mai kantin magani ya so a ba shi, wai shi ya yi jami'a. Na ce masa ai ba takardar asibiti za a karanta ba. Aka yi dariya.

Ni da ban wuce aji uku na sakandare ba. Da guduma ɗaya na fara, yau gareji na da mutum tara, kuma duk garin nan babu fanel bita kamata. Zan sa wannan a jawabin, a taƙaice.

Laraba, 8 ga Oktoba

Na biya ta wajen Yaya na gaya masa. Yana kan tabarmarsa a bakin ƙofa, idon nan nasa ya ƙara yin fari, inuwa kawai yake gani yanzu. Na ce kujerarsa ce ta farko, za a kira sunansa da muƙaminsa na saja, a tafa masa.

Ya ce, "A tafa, sai kuma me, Auta?"

Shekarata hamsin da biyu, har yanzu Auta. A gaban ma'aikatana ma haka yake kirana.

Hedimasta yana so a yi tebur na kayan tarihi, kowane soja ya kawo abin da ya dawo da shi daga fagen daga. Na tambayi Yaya lambobin yabonsa. Ya ce jikoki sun yi wasa da su sun ɓata. Ko a jikinsa.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Wasu sun kai kaki, wani ya kai hula, wani hoto cikin gilashi. Gidanmu babu komai. Gidan wanda ya kawo rumfa!

Sai na tuna da gorar nan ta ruwa da ke rataye a ƙusa saman gadonsa. Ta alminiyum, irin ta sojoji. Tun dawowarsa take nan, shekara talatin da ɗaya. Gefe guda ya loɓe sosai, ga huji a tsakiyar loɓawar, duk ta yi baƙi. Duk ranar da na shiga ɗakin nan sai idona ya tsaya a kanta. Ba na iya ganin ƙarfe a loɓe in yi shiru, ko a motar wani ce a kan titi sai hannuna ya yi ƙaiƙayi.

Asabar, 11 ga Oktoba

Yaya ya je asibitin ido, an ce sai ya kwana biyu. Na je gidan na sauko da gorar. Matar Yaya ta ce, "Mijina ƙarami, ka tambayi mai abu tukuna." Na ce so nake ya dawo ya ga abin mamaki. Ta ce wani abu da ban tsaya ji ba, na riga na kai mota.

Ban ba kowa ba, da hannuna na yi. Na lanƙwasa rodi na zura ta baki, na turo loɓawar daga ciki, ina bi da ƙaramar gudumata ta farko a hankali. Alminiyum ba ya son gaggawa. Na cike hujin da walda, na goge, na bi da samfefa har kala uku, na sa mai. Awa biyar. Ma'aikata suka zagaye ni suna kallo. Mai fenti ya ce, "Oga, wallahi ko kamfanin da ya yi ta ba zai gane ba."

Na ga fuskata a jikinta. Na ji daɗi. Bari in rubuta gaskiya, na ji daɗi ƙwarai.

Litinin, 13 ga Oktoba

An sallamo Yaya. Na kai masa a nannaɗe cikin sabon tawul, na sa masa a cinya, na ce ya buɗe.

Ya buɗe. Ya kama wuyanta, ya gane ta. Sai babban yatsansa ya gangara gefe. Ya juya ta. Ya sake juyawa. Yatsan yana ta yawo a jikinta, sama da ƙasa, kamar mai laluben makunnin fitila a ɗakin da ba nasa ba. Ni kuwa ina tsaye ina ta bayanin yadda na zura rodi.

Ya daɗe. Sannan ya miƙo min.

"Kai musu."

Na ce, Yaya ba ka ce komai ba. Ya ce, "Aiki ya yi kyau." Ya juya fuskarsa bango.

Talata, 14 ga Oktoba

Mutum ya ɓata awa biyar, ya bar motar kwastoma a kan jak. Ko sannu.

Laraba, 15 ga Oktoba

Na je da safe, matar Yaya ta ce yana barci. Ƙarfe tara, mutumin da ko zazzaɓi bai taɓa hana shi tashi da asuba ba. Ta biyo ni har bakin mota. Ba ta kira ni mijinta ƙarami ba yau.

Ta ce gorar ba ta Yaya ba ce. Ta wani kofur ce, Gajere suke ce masa, tare suka shiga soja. An yi musu kwanton ɓauna, ƙarfen da ya huda gorar a ƙugun Gajere shi ya wuce cikinsa. Yaya ya goya shi. Ruwan da ke cikin gorar nan shi kaɗai ya rage musu, yana zuba ta hujin. Yaya ya danne hujin da babban yatsa, yana tafe da mutum a baya, in ya tsaya ya ɗiga masa a baki. Yini guda bai ɗaga yatsan ba. Duk da haka ruwan ya tsiyaye. Gajere bai kai ba.

Ta ce kullum in ya idar da sallar asuba sai ya sauko da ita, ya sa yatsa a wurin, ya yi wa Gajere addu'a. Ta ce, "Jiya da yau hannunsa ya je ƙusa ya dawo."

Na ce to me ya hana a gaya min? Ta ce, "Ka taɓa tambaya?"

Na tayar da mota. Ban san ma na wuce kwanar gareji ba sai da na ga gidan mai.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Na gaya wa uwar yara. Na ɗauka za ta ce ai da niyyar alheri na yi. Cewa ta yi, "Kai dai in ka ga abu a karkace sai ka miƙar, ko mai shi yana so ko ba ya so." Na ce da wannan halin ake cin abinci a gidan nan. Ta kwashe kwanuka ta fita.

Ba laifina ba ne kaɗai. Mutum ya riƙe magana shekara talatin da ɗaya a ciki.

Amma ni ma shekara talatin da ɗaya ina shiga ɗakin nan.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Na kulle kaina a ofis da gwangwanaye da wata tsohuwar tukunyar alminiyum, ina gwada mayar da loɓawar. Na buga da ƙusa, na buga da kan rodi, na sa fanci. Duk wanda na yi, da gani ka san guduma ce. Tawa tana fitowa a tsare, da'ira sumul. Waccan kuwa a yage take, gefe ɗaya ya fi zurfi, bakin hujin ya naɗe ciki.

Na ɗauko gorar da nufin in gwada a kanta. Na juya, na juya. Ban san gefen ba. Na kai ta hasken taga, na shafa, na hura mata numfashi ko tabon walda zai nuna. Babu. Aikin ya yi kyau har ni da na yi shi ban san wurin ba.

Na ajiye guduma. Na yi wa mai walda tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Gobe taro. Jawabina shafi biyu, uwar yara ta gyara min rubutun.

Asabar, 18 ga Oktoba

An yi.

Yaya bai zo ba. Kujerarsa ta farko da takarda manne a jiki, babu kowa. Mutum uku suka tambaye ni, na ce ido ne.

Rumfar da na kawo mu muka zauna a ciki, 'yan kwamiti da manyan baƙi. Tsofaffin an jera su a gaba, a rana, don masu hoto su same su da kyau. Ni na tsara haka tun zaman kwamiti, da hannuna na zana a takarda. Sai yau na ga yadda abin yake. Wani mai sanda yana ta share gumi da hularsa. Jawabi bakwai aka yi kafin a ba su ruwa.

Na karanta nawa. Jarumanmu, gatanmu, ba za mu taɓa mantawa da ku ba. Da na zo wurin guduma ɗaya sai na tsallake. An tafa.

Da aka busa begila duk suka miƙe, har mai sandar, ba wanda ya ce su tashi. Suka ƙame. Wani leɓensa yana motsi, sunaye yake kira ina jin. Mu na cikin rumfa ba mu san yadda za mu yi da hannuwanmu ba.

Bayan an tashi na tsaya wajen teburin tarihi. Gorar tana tsakiya tana ƙyalli, ta fi komai kyau a teburin. Mai sandar nan ya ɗauka, ya juya ta, ya ce wa na kusa da shi, "Wa ya kawo wannan? Ai wannan ba ta taɓa jin ƙarar bindiga ba." Suka yi dariya. Ya ajiye ta can gefe, ya jawo wata yagaggiyar hula ya sa a tsakiya.

An ba ni allon yabo na babban mai taimako. Yana but ɗin mota.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Na je bayan an fito sallar asuba, ban bari an ce yana barci ba. Yana zaune a kan sallaya. Na durƙusa, abin da rabona da yi tun rasuwar Baba. Na sa masa gorar a hannu. Na shirya magana tun a hanya, duk ta gudu. Abin da ya fito kawai, "Yaya, na nemi wurin ban samu ba."

Ina jin matar Yaya ta daina shara a tsakar gida.

Ya ce, "Ɗebo ruwa a ciki."

Na je randa na cika ta. Na riƙo ta ina duba ƙasa, ko ɗigo. Na miƙa masa. Ya karɓa da hannu ɗaya, yatsan ya tafi kai tsaye ya zauna a wani wuri ƙasa da kafaɗarta kaɗan, bai yi lalube ba wannan karon. Ya kamo hannuna, ya ɗora babban yatsana a wurin, ya danne da nasa. Sumul, babu komai. Ya ce, "Nan ne."

Ya yi addu'arsa, yatsana yana ƙarƙashin nasa. Na ji sunan Gajere na gaskiya, karo na farko. Sannan ya buɗe ya sha, ya daɗe yana sha. Ya goge baki.

"Da a ranar nan ka toshe ta, Auta."

Ya miƙo min sauran. Na sha.  Ban sani ba ko ya yafe. Bai ce ba.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Aiki ya yi yawa satin nan. Ina biyawa ta wajen Yaya da safe in cika masa gorar, don dai hanya ce. Ba ma wata hira. Jiya ya ce ruwan randarsu ya fi na firijina, na ce haka ne.

Wani dattijo ya kawo tsohuwar mota a yi mata fenti, ƙofar baya a loɓe. Na ɗauki guduma, sai na ji na ce masa, Baba, me ya same ta a nan, a cire ko a bari? Ya dube ni kamar na zautu, ya ce a cire mana. Ma'aikata suna ta ƙunshe dariya. Su yi.

Mai fenti ya ce ƙotar ƙaramar gudumar nan ta tsage, a sake mata sabuwa. Na ce a bar ta haka. Na ce Yaya ne ya sayo min ita da ya zo hutunsa na farko, da kakinsa ya kai ni wajen mai gidana ya ce a koya min aiki. Suka ce, Oga ai ba ka taɓa faɗa ba.

Ba wanda ya tambaya ne.

Allon yabon yana but har yanzu. Sai na samu ƙusa.