Kujerar Hannun Dama

Litinin, 1 ga Satumba

Wankin ƙoda. Na hau sikeli, nauyi ya ƙaru, Sista ta harare ni kamar sato ruwan na yi. Na sha fiye da yadda aka ƙayyade min, ban musa ba. Zafi ake yi.

Baba Direba na nan a kujerarsa, dama da ni. Mun kusa rabin shekara muna maƙwabtaka, Litinin, Laraba, Juma'a. Allurata a hannun hagu take, tasa a dama, saboda haka hannuwanmu masu lafiya su ne a tsakiya: shi ya riƙe wayar, ni in danna. Iyafis ɗaya, abin sauraro na kunne, kowa kunne guda. Sista ta ce in aka haɗa mu biyu an samu cikakken mutum, ƙoda kawai za a nemo masa.

Tsohon da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan tirela, wai shi ne gwanin anime, katun ɗin Japan. 'Yar autarsa ce ta koya masa. Sunayen ba ya iya faɗa, ni ma ba wani iyawa na yi ba, sai muka raɗa musu namu. Nasa Masu Haƙa: wasu mahaƙan rijiya ne ke yawo gari-gari suna neman kogin da ya nutse ƙarƙashin ƙasa. Baba ya kai kashi na ɗari shida da wani abu, kuma har yau ana fitar da sabo. Nawa Maƙeriya: mace ce ta rantse ta daina ƙera takobi, ƙararrawa ɗaya za ta yi wa garinsu. Kashi goma sha biyu, ta ƙera, aka kaɗa, aka tashi. Aiki ke nan.

Rabin lokaci nawa, rabi nasa. A nasa rabin gyangyaɗi nake yi.

Laraba, 3 ga Satumba

Mun sake tafka musun. Na ce masa labarin da ba shi da ƙarshe ba labari ba ne, kasuwa ce, masu shi sun ga ana saye sun ƙi tashi. Ya ce Maƙeriya kamar shayi ne a ƙaramin kofi, kafin ka ji ɗumi ya ƙare. Na ce a zane ma nawa ya fi, dubi yadda wuta ke motsi a maƙerar. Nan ya yarda. Amma wai ni ban san mutanen Maƙeriya ba, gaisawa kawai muka yi, shi kuwa ya yi tafiya da Masu Haƙa har ya san wanda ke minshari a cikinsu.

Muka sa Sista alƙalanci. Ta ce duk na 'yan ƙwallo ya fi, wanda ake kashi uku ƙwallo ɗaya na sama ba ta sauko ba. Muka haɗu muka kore ta.

Abin dariya, mutumin da aka ƙayyade wa ruwan sha ya zauna yana kallon masu neman ruwa. Na faɗa masa, ya yi dariya har injinsa ya yi ƙara.

Abin da nake so da wannan tsohon, bai taɓa tambaya ta ya jiki ba. A gida ya jiki, a shago ya jiki, a waya ya jiki. Shi da na zauna sai ya miƙo min iyafis.

Asabar, 6 ga Satumba

Firij biyu aka kawo min gyara yau. Ɗaya gas ne, ɗaya kwamfireso mai kawo sanyin ce ta mutu, na gaya wa mai shi gaskiya. Da yamma hannu ya ƙi aiki.

Litinin, 8 ga Satumba

Yau na gane Baba ba ya kallon Masu Haƙa a gida sam. Sai a nan, a kan kujera, kuma ba ya tsallake ko waƙar farko. 'Yarsa ta wuce shi nesa, ya kafa mata doka, ko tari ta yi a kan labarin sai ta bar masa falo. Na ce wannan ai wahalar da kai ce, ga hanya a buɗe. Ya ce direban da ke gudu bai san hanya ba, tasha kawai ya sani.

Ni ba haka nake ba. Ban fara kallon abu sai na shiga intanet na karanta yadda zai ƙare. Firij ma ban kwance shi sai na san inda zan ɗaure. Tun da ciwon nan ya zo abin ya ƙaru, ko fim mai awa biyu sai na leƙa ƙarshe.

Akwai wata tsohuwa a cikin nasa, ita ba ta shiga rijiya, a sama take zama tana riƙe da igiya. Duk lokacin da ta fito sai Baba ya gyara zama. Ban ga abin da ya gani a jikinta ba, ko faɗa ba ta yi.

Laraba, 10 ga Satumba

Na karanto labarin Masu Haƙa har inda suka tsaya, don in samu abin kayar da shi. Har yau ba su ga kogin ba. Ashe gaskiyata.

Juma'a, 12 ga Satumba

Na yi ɓarna.

Jinina ya sauka tun farkon wankin, kaina na juyawa, ƙafa na ɗaurewa. Ba uzuri nake nema ba, rubutawa kawai nake. Musun ya tashi kamar kullum, yana ce min Maƙeriya ba ta da wanda za ka yi kewa. Sai kawai na ji bakina yana cewa ai ita ma tsohuwar tasa mai igiya mutuwa take yi, a kashi na ɗari bakwai da 'yan kai, igiyar ta ja ta.

Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi. Ya zare iyafis daga kunnensa, ya naɗe wayar a hankali da hannu ɗaya, ya kife ta a cinya. Can ya ce, "Injiniya, ni ban ce ba za ta mutu ba. So nake in je wurin da ƙafata."

Na ce ai katun ne, Baba. Wannan ma da na yi shiru.

Ya ce, "Likita ma bai faɗa min ƙarshe ba, sai kai."

Sauran lokacin injina biyu ne kawai ke magana. Da aka cire masa allura ya yi wa kowa sallama, har ni, da ladabi irin wanda ake yi wa baƙo.

Asabar, 13 ga Satumba

Katun ne fa. Zane ne. Mutum da furfurarsa.

Litinin, 15 ga Satumba

Kujerar dama wani ne a kai. Na zaci wani abu ya faru. Sista ta ce Baba lafiyarsa ƙalau, shi ya roƙa a mayar da shi layin rana. Ta faɗa tana manna min filasta, ba ta ko kalle ni ba.

Sabon maƙwabcin mutumin kirki ne, amma tun da ya zauna yake ba ni labarin ƙodarsa, daga ranar da ƙafa ta fara kumbura har asibiti na uku. Ya tambaye ni nawa sakamakon gwajina. Ya gaya min mutum biyu da ya sani da suka rasu a wannan ciwo, da sunayensu da unguwanninsu. Na kunna Maƙeriya a wayata, na rasa yadda zan riƙe in danna da hannu ɗaya, ta zame ta faɗi ƙasa. Ban taɓa sanin awa huɗu na da tsawo haka ba.

Laraba, 17 ga Satumba

Na ba maman yara labari ina jiran ta ce tsohon ya cika fushi. Tana ninke kaya ta ce magana zarar bunu ce, kuma ni tun da ta san ni ban iya cin musu in bar wa mutum ko ɗan abin rufe fuska ba. Na ce gaskiya na faɗa ai. Ta ce ita ma ta san gaskiya da yawa a kan ciwona, ta karanta, ta tambaya, na taɓa jin ta faɗa min?

Na fita duba wani firij da ba abin da ya same shi.

Juma'a, 19 ga Satumba

Na sauke kashi na farko na Masu Haƙa. Don in san abin da nake kushewa ne. Na jingina wayar da robar ruwa a kan tebur, ta zauna.

Zanen farko-farkon ba kyau, kawunansu kamar kwakwa.

Litinin, 22 ga Satumba

Kashi na tara. Suna ɓata lokaci, kashi guda cur a kan jakinsu ya ƙi tafiya. Na yi dariya sau biyu, maƙwabcina ya zaci shaƙuwa ce.

Laraba, 24 ga Satumba

Na ga tsohuwar da kyau yau. Yaran sun shiga rijiya mai zurfi, iska ta taso, ruwan sama, mutanen gari duk sun gudu, ita tana zaune da igiya naɗe a hannu har ta yanke ta. Ba ta ganin abin da ke faruwa a ƙasa, jijjigar igiyar kawai take ji. Da suka fito ba wanda ya gode mata, suna ta murnar sun ga laima a ƙasa. Ta ɓoye hannun a zani ta ce a zo a ci abinci.

Da na fito maman yara na kan bencin baranda inda take zama kullum, jakata a cinyarta, ta yi barci a zaune baki buɗe. Wata nawa ina wuce bencin nan ina ce mata mu tafi. Na tsaya na ɗan jima kafin in tashe ta. Kunya ta kama ni, da tausayi.

Matar Baba ma a bencin nan take zama, can ƙarshe wajen taga. Yanzu sai da rana.

Juma'a, 26 ga Satumba

Na ƙi tafiya da aka gama min. Na zauna kusa da sikeli har 'yan rana suka fara shigowa. Sai ga Baba, ya rame, ko idona ne. Na gaishe shi ya amsa. Duk abin da na shirya ya gudu, sai na ce, "Baba, bakina ne ya fi ni gudu. Ka yafe min."

Ya hau sikeli ya sauka, Sista ta rubuta. Ya ce ya yafe tun ranar, amma yafiya ba ta mayar da abin da aka ji. Wai tun ranar bai kunna ba. Da ya ga tsohuwar sai ya fara lissafin saura nawa.

Wannan ya fi min zagi ciwo. Na ce masa ina kashi na ashirin da uku. Ya dube ni sosai, ya ce me jakin ya ci a gidan mai gari? Na ce hular mai gari. Bai yi dariya ba, amma gemunsa ya motsa. Aka kira shi ya shiga.

Litinin, 29 ga Satumba

Bai dawo ba. Maƙwabcina ya kawo min hoton ƙafarsa ta bara.

Laraba, 1 ga Oktoba

Bai dawo ba. Kashi na talatin. Hannuna ya je zai buɗe intanet in ga ko wani yaro da ya ɓace zai dawo, sai na ajiye. Ba wani dalili, caji ne ya yi ƙasa.

Litinin, 6 ga Oktoba

Na shigo na tarar da Baba a kujerar dama yana faɗa da Sista a kan filo. An mayar da mai hoton ƙafa wajen taga, Allah ya ba shi lafiya da mai saurare. Da na zauna aka sa min allura sai Baba ya miƙo iyafis.

Na zaci daga inda ya tsaya za mu ci gaba. Ya ce a'a, ina na kai? Na ce talatin da huɗu. Ya ce to nan za mu koma, shi ma ya manta rabin hanyar, kuma a can baya tsohuwar na da sauran ƙarfinta. Sharaɗi ɗaya, ba tsallake, ba leƙe, in ya ji na karanto wani abu zai sa a mayar da ni wajen taga.

Na ce, "Baba, a haka ai sai mu shekara uku ba mu kamo inda kake ba."

Ya ce, "Kana da wani wurin zuwa ne ranar Litinin?"

Rabon da in faɗi shekara uku da bakina a kan wani abu nawa, tun kafin ciwon nan.

Har yanzu Maƙeriya ta fi tsari, ta fi zane, wannan ko gaban wa zan faɗa. Na faɗa masa ma, ya ce in kama bakina waƙa ta fara. Mun cinye rabina da rabinsa duka a kan Masu Haƙa, ban lura ba sai da injin ya yi ƙarar gamawa a tsakiyar kashi, yaran suna cikin rijiya.

Na roƙi Sista ta ɗan jinkirta cire allurar. Ta ce tun da take aikin nan ba a taɓa roƙon ta wannan ba. Ta cire abinta.

Sai Laraba ke nan. Wayar na hannuna, ban duba ba.