Igiyar Wuyan Goɗiya

Zuwa ga matata Lorna,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da yara. Ya ƙafar Mama? Sun karɓe mana wayoyi a gonar horar da dawakan nan, sai ki yi haƙuri da mummunan rubutuna.

Kowane tsohon soja an ba shi dokin jeji ɗaya. Tawa goɗiya ce ja, wadda aka koro da jirgi mai saukar ungulu daga tsaunukan Wyoming ɗin nan. Akwai igiya mai lamba a wuyanta, kamar yadda muka rataya tamu a Iraƙi. Al'adar wurin ita ce ba ka raɗa wa doki suna sai ranar da ya yarda ka kai hannu ka yanke igiyar. Kuma ba a bin sa, baya ake juya masa a jira. Kin san ba na iya juya wa kowa baya, ko a coci sai na jingina da bango. Amma jiya na ji numfashinta a ƙeyata, ban zabura ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne mai gonar, Mista Haskell. Wai ran Asabar masu ba gonar taimakon kuɗi za su zo kallo, kuma duk dokin da ba a yanke igiyarsa ba za a mayar da shi garken da ake tsare su bayan an kamo su daga jeji. Na ga garken nan, Lorna. Dawakai na tsufa a tsaye cikin kashinsu.

Ki sumbaci yara.
Naki,
Curtis

Zuwa ga Lorna,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku. Ni lafiyata ƙalau.

Sun zo. An sa mu maƙala lambobin yabo kamar shanun kasuwa. Wata mata, da maiƙon gasasshen haƙarƙari a bakinta, ta tambaye ni ko na taɓa kashe mutum, tana murmushi.

Da na shiga shingen sai na tarar da goɗiyata tsaye, kai a ƙasa, leɓe a sake, yawu na zuba. Ita da ko inuwata ta gifta sai ta yi tsalle. Haskell ya danƙa mini wuƙa, ya raɗa mini a kunne: “Haba soja, 'yar allura ce kawai muka yi mata don ta natsu. Yanke mana, in da hali ka ɗan matse hawaye, ga kyamara can.”

Na san fuskar nan. Ita na zauna da ita a teburin mahaifinki shekarar da aka sallame ni daga asibiti, magunguna sun kashe mini jiki, kowa na cewa Curtis ya warke, ke kuwa kika shiga kicin kika yi ta kuka. Sai yanzu na ga abin da kika gani. Ƙyama ta kama ni.

Na ninke wuƙar na miƙa masa. Na zauna a ƙasa na juya mata baya, su ma na juya musu. Suka gaji suka koma wajen nama. Can da yamma allurar ta sake ta, ta tako a hankali ta gartsa mini cizo a kafaɗa. Wurin ya kumbura, kuma ina alfahari da shi, domin da hankalinta ta taɓa ni.

Haskell ya ce Litinin mota za ta zo ta ɗauke ta, ni ma in tattara kayana. Na bincika, ina da damar karɓarta in akwai shinge mai tsayi. Ki roƙi wanki Dell ya zo da motar dawakinsa ran Lahadi, ya kuma ara mana filinsa na baya.

Da igiyarta a wuya za ta zo. Ki gaya wa yara kada su fara zaɓen suna, ba ta yarda ba tukuna.

Mijinki mai kewarki,
Curtis Ybarra